Ranar da Baba Ya Hana Mu Juya wa Ruwa Baya

Shekara shida ke nan cif da muka wayi gari babu Baba. Surukina ne, mahaifin maigidana, don haka ko a takarda ba zan kama sunansa ba. Mutanen Zongo na Wagadugu sun san wanda nake nufi in na ce Mai Kaskad. Ga wanda bai sani ba, kaskad shi ne ruwan da ke faɗowa daga kan dutse, haka muke kiransa a nan da bakin Faransanci. Shi Baba matsirga yake cewa, wai haka kakanninsa suke faɗi.

Karatuna bai wuce aji uku ba, ban kuma saba rubuta wa jarida ba. Amma duk shekara in wannan wata ya kama, sai in ji ana yi masa addu'a, a ce mutumin kirki ne, sannan a yi ɗan murmushi a ƙara da "sai dai yawon ruwa", kamar wani aibi ne da ake yafe wa mamaci. Bana na ce ba zan ƙara yin shiru ba. Zan faɗi abin da yawon ruwan nan ya yi mini.

Baba ɗan goro ne, jikan 'yan goro. Yana yaro aka karɓi mulkin kai, lokacin ƙasar ma ba ta samu sunan Burkina ba. Da ya zama saurayi ya fara bin motar goro zuwa Kumasi tare da mahaifinsa. Wata rana mota ta lalace musu a Kintampo, cikin ƙasar Gana, rana tana dukan huhunan goro, shi kuwa goro in ya rasa yayyafi an yi asara. Aka ba shi garwa ya nemo ruwa. Ya bi wata ƙara cikin kurmi, sai ga kogi guda yana zubowa daga sama, fari fat. Ya manta garwa, ya manta goro, ya tsaya baki buɗe har mahaifinsa ya biyo sawu ya zabga masa mari. Yakan ce zafin marin ya huce tun kafin la'asar, amma ruwan bai taɓa barin idonsa ba.

Da ya sakar wa 'ya'yansa rumfarsa ta kasuwar Sankaryare, sai ya mai da abin sana'a. Da damina ta ja baya zai rataya jaka, wannan shekara Togo, waccan Benin, wata har Gine. Ya dawo ba atamfa ba turare, sai ɗan dutse guda mai santsi da zai jera a kan tagarsa. Mu kuwa a Zongo an san abin da ke fitar da mutum daga gida: fatauci, aikin hajji, biki, gaisuwar mutuwa. Yayarsa Gwaggo Larai, wadda take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, takan ce, "Mutum ya ƙetare iyaka uku don ya ga ruwa yana faɗuwa? Auta, zo in tsiyaya maka daga buta ka huta."

Yau da Baba zai leƙo, na san sai ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Jikokin masu yi masa ba'a su ne yanzu suke haɗa kai su cika mota, su je su tsaya gaban kaskad suna ɗaukar hoto a waya. Abin da zai ba shi mamaki, ina jin, shi ne duk sun ba ruwan baya, wayar suke kallo. Wasu hanyoyin da ya bi shi kaɗai da jakarsa kuma yau ba a binsu sai da addu'a mai yawa, wannan kam zai sosa masa rai.

Ina da shekara goma sha tara na haifi 'yata ta fari. Kowa ya san kunyar ɗan fari: ba ki kama sunanta, ba ki yi mata wasa a gaban manya, in ana maganarta ki sunkuyar da kai kamar 'yar maƙwabta ake nufi. "Yarinyar nan" nake ce mata. Baba kuwa, da yake jika ce, amaryarsa yake kiranta. Kullum da safe zai ɗora ta a cinya yana tsokanarta, wai wace irin amarya ce wannan da ba ta kawo wa ango ruwan wanka.

Ta shekara ɗaya ba ta tsaya ba. Ta shekara biyu ba ta tsaya ba. Sa'anninta suna guje-guje a tsakar gida, ita tana jan gindi, ƙafafun nan laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Ba ta magana sai 'yan sautuka. Abu ɗaya ne ke sa ta ƙyalƙyala dariya: a saka ta a baho. Ta dinga dukan ruwa da tafin hannu har ya fantsamo mini a fuska. Wannan dariyar ita ta jawo mana magana.

Da farko raɗa ce a bakin famfo. Daga baya Gwaggo ta faɗa a fili tana tsinke zogale: yarinyar nan 'yar ruwa ce. A faɗar tsofaffi, akwai yaran da ba mutane ba ne, mutanen ruwa ne suka yi musanya. Maganin abin, a ɗauki yaron da sassafe a kai bakin ruwa, a ajiye masa dafaffen ƙwai da fura, a juya baya a tafi ba waiwaye. In na ruwa ne, zai rikiɗa ya zama maciji ya shige. Gwaggo ta ce baraj, madatsar ruwan nan ta arewacin gari, ba ta da nisa.

An kai yarinyar asibiti, likita ta ce jijiyoyin ƙafar ne ba su yi ƙwari ba, a riƙa kawo ta tausa, a kuma yi haƙuri. Liman ya ce wannan magana ba ta cikin addini. Gwaggo ta amsa wa kowa da "to", ta dawo ta ci gaba da kallon yarinyar da irin kallon nan. Ba muguwa ba ce, ita ta yi mini wankan jego, ita take tauna nama ta ba yarinyar a baki. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mai ƙinka ka san inda za ka tsaya masa, amma wanda ya yarda taimakonka yake yi fa?

Maigidana shi ma kunyar 'yar fari ta ɗaure shi, ga shi Gwaggo ce ta raine shi. Ni kuma ba bakin magana. Sai na daina zuwa kasuwa. Ko banɗaki zan shiga da ita a bayana. In na ji Gwaggo ta ɗora tukunya da safe sai na leƙa in ga ko ƙwai ne. Wanka kuwa na koma yi mata a bayan ƙofa, sauri-sauri, da ɗan tsumma, don kada a ji dariyarta. Har yau in na tuna na hana 'yata abu ɗaya tak da take jin daɗinsa, sai ƙirjina ya yi nauyi.

Baba yana ganin komai daga kan tabarmarsa. Wata safiya na kawo masa koko, na durƙusa zan tashi, sai ya ce in dakata. Ya kira Gwaggo.

"Yaya, na ji kin ce a kai amaryata ruwa."

"Na faɗa. Ba don ƙiyayya ba."

"Na yarda, a kai ta. Amma ba baraj ba. Ruwan da ake wanke babura a ciki, wane sarkin ruwa ne zai zauna a nan? In za a yi, a yi a gaban babban ruwa. Kintampo za mu, ni da ke da uwarta."

Mutumin da nake ganin shi ne katangata, shi ne ya ce a kai ta. Da Gwaggo ta koma ɗaki, bai dube ni ba, ƙofa yake kallo, ya ce, "'Yata, likita ta yi magana, liman ya yi magana, ba ta ji ba. Ruwa take ji. To bari ruwan ya yi mata magana. Ki nemo katin rigakafin yarinya." Ban gane ba, ban kuma sami natsuwa ba. Amma an ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Na nemo katin.

Ban taɓa fita Burkina ba sai ranar. Muka shiga babbar mota da safe, muka bi ta garin Po, muka sauka a iyaka aka duba takardu. Gwaggo ta riƙe ƙullin kayanta a cinya tun daga tasha, ba ta yarda an sa shi a bayan mota ba. Na san abin da ke ciki, ina jin warin ƙwan. Duk garin da muka wuce Baba yana nuna wa yarinyar ta taga: nan suke sauke goro su yayyafa masa ruwa, nan wata mata take sayar musu da doya, nan ruwan sama ya taɓa tsare su kwana biyu. Gwaggo ta ce, "Ka bar ta ta yi barci, ba jinka take ba." Ya ce, "Tsakanin miji da mata, Yaya, ba a shiga." Ni dai ina lura ƙasa tana canja launi, itatuwa suna ƙara tsawo, kuma duk tsawon da suka ƙara sai in ƙara ƙanƙame yarinyar.

Muka sauka a Zongon Kintampo, gidan wani tsohon abokin fataucinsa. Washegari da hantsi muka nufi wurin. Tun kafin a ga ruwan ake jinsa, kamar manyan motoci suna wucewa ba su ƙarewa. Sai matakala, ana sauka, ana sauka. Gwaggo tana dafe da gwiwa tana cewa, "Auta, Allah ya isa tsakanina da kai. Wannan rami ka bar gida kana zuwa?" Da muka kai ƙasa ta ɗaga kai, sai maganar ta tsaya mata a baki.

Ni da na girma ina auna ruwa da jarka, ban san akwai irin wannan a duniya ba. Yana zubowa daga kan baƙin dutse, hawa-hawa, ba mai buɗe shi ba mai rufe shi. Feshinsa yana taɓa fuska tun daga nesa. Wurin sanyi, ƙamshin ɗanyen ganye ko'ina. Da wata rana ce daban, da na ce masha Allah. Ranar kuwa gani nake baki ne ya buɗe yana jiran 'yata.

Gwaggo ta shimfiɗa zane a kan wani faffaɗan dutse kusa da inda ruwan ke kwanciya. Ta ɓare ƙwai biyu, ta dama fura a ƙaramin kwano. Ta kwance yarinyar daga bayana da hannunta, ta zaunar da ita. Ta ce, "To, mu juya. Kada wanda ya waiwaya."

Baba ya ce, "A'a."

"Haka ake yi."

"Na kawo ki, na yarda da ƙwanki da furarki. Abu ɗaya na hana. Yau ba mai juya baya. In maciji za ta zama, ta zama a idonmu mu uku, mu koma mu ba da labarin abin da muka gani. Gani ya kori ji, Yaya."

"In ana kallo ba za su fito ba."

"Su da ke da wannan ruwa duka, tsofaffi biyu da yarinya za su ji wa tsoro?"

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwan har gwiwa, ya tsaya tsakanin yarinyar da zurfi. Ya ce duk mai son amaryarsa sai ya fara bi ta kansa. Ni da Gwaggo muka ja baya kamar taku goma muka zauna, fuskarmu na kallonta.

Ban san tsawon zaman da muka yi ba, na dai ga inuwar wata bishiya ta tashi daga ƙafata ta koma bayana. Yarinyar ta cinye ƙwai ɗaya, ta murƙushe ɗayan a kan zane. Ta tsoma hannu a fura ta shafa a kai. Ta yi atishawa. Wasu 'yan makaranta da suka zo kallo suka tsaya suna dubanmu, suka wuce. Baba yana tsaye a ruwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓensa yana motsi.

Sai ta fara jan gindi. Ta sauka daga kan zanen, ta nufi ruwa.

Gwaggo ta damƙe hannuna ta ce, "Kin gani? Kin gani?" Ni ban ga komai ba sai tazarar da ke tsakanin ƙafar 'yata da bakin dutsen, tana raguwa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban san ina da irin wannan murya ba. A gaban surukina, a gaban yayarsa, na kwarara ihu har ya fi ƙarar ruwan:

"Balkisa!"

Ranar na fara kiran sunanta da ƙarfi tun da aka raɗa mata shi. Ta tsaya cak. Ta waiwayo, fura tana gangaro mata a goshi, tana neman inda sunan ya fito. Da ta gan ni sai ta taɓe baki ta fashe da kuka, ta juyo gaba ɗaya, ta kama jan gindi zuwa wurina da saurin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ban jira ta iso ba. Sai daga baya, ina rungume da ita, na lura da abin da ya ja ta: Baba yana da biskit a aljihun gaba, jar takardarsa ta leƙo. Ba ruwa ta nufa ba, wurin angonta za ta.

Baba ya fito yana ɗigar ruwa ya ce, "To, Yaya. An kira ta daga can, an kira ta daga nan. Kin ga inda ta amsa."

Na ɗauka Gwaggo za ta yi musu. Ba ta yi ba. Tana zaune tana kallon zanen da murƙusasshen ƙwai a kai, can ta ce, a hankali, ba da kowa take ba, "Ni nawa, juyawa muka yi."

Ban taɓa sanin Gwaggo ta haihu ba. A nan na ji. Tana da ƙuruciya kamar ni ta haifi namiji, shi ma bai tashi ba. Tsofaffin gidan mijinta suka raka ta bakin wani rafi, suka ce ta juya, ta juya. Suka ce mata ya koma wurin danginsa. Shekara arba'in da wani abu tana riƙe da wannan magana, don in ta sake ta, me za ta riƙe? Ta yi kuka irin na tsofaffi, ba sauti, sai kafaɗa. Baba ya zauna kusa da ita da jiƙaƙƙen wandonsa. Ko yana da labarin tun a wancan lokaci, ko shi ya sa ya ƙare rayuwarsa yana zuwa ya tsaya gaban ruwa ido buɗe, ban sani ba. Bai faɗa ba, ni kuma ba a bakina tambayar take ba.

Da za mu tafi, Gwaggo ta ce in ba ta yarinyar. Na kalli surukina. Baba ya gyaɗa mini kai. Ta goya ta, ta ɗaure da zanen nan mai fura, ta hau matakalar nan duka da ciwon gwiwarta, ba ta yarda an karɓe ta ba ko sau ɗaya. Ina binsu a baya, a nan ne na ji numfashina ya sauka har ciki, karon farko cikin wata da watanni. Sai a lokacin na juya na kalli ruwan da kyau. Ashe kyakkyawa ne.

Da muka dawo Zongo ban buɗe baki ba, ba a kuma buƙaci in buɗe ba. Gwaggo ce ta zauna a bakin famfo ta ce ta kai yarinya gaban ruwan da ya fi kowane ruwa, ta zuba ido, ruwa bai karɓa ba. Wa zai yi musu da wadda ta fara maganar? Ita ta riƙa goya Balkisa zuwa tausa duk Litinin da Alhamis. Na koma yi mata wanka a tsakar gida, a babban baho, ta yi ta dukan ruwa kowa yana ji. Bayan wata biyar ta kama gefen tabarmar Baba, ta dafa gwiwarsa, ta miƙe. Ya ce, "Sai yanzu, amarya? To a kawo ruwan wanka."

Bai ƙara wata tafiya ba. Shekarar da ta biyo ya kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Balkisa tana da shekara tara, tana aji huɗu, ta wuce inda na tsaya. In ta gaji takan ɗan ja ƙafar hagu, ban da haka sai an yi da gaske ake kamo ta. Ba zan ce na daina tsoro ba. In ta yi minti goma ba ta dawo daga makaranta ba ina bakin ƙofa, in ƙaninta ya yi tari sai na taɓa goshinsa sau biyar. Hali zanen dutse. Amma tsoron yanzu irin na kowace uwa ne, ana cin abinci da shi, ana barci da shi. Sunanta kuma tun daga ranar nake kiransa, duk mai ganin rashin kunya ce ya gani.

Me Baba ya bari? Rumfar tana hannun 'ya'yansa. Duwatsun suna kan taga, Gwaggo ta ɗauki ɗaya tana niƙa kwalli da shi, na Kintampo kuwa Balkisa ta ce nata ne, gadon miji. Na daɗe ina ganin abin da ya bari ke nan. Sai watan jiya, wata 'yar'uwarmu da ke aure a unguwar Sisen ta zo da ɗanta, shekara biyu bai zauna da kyau ba, ta zauna a tsakar gidanmu tana magana ƙasa-ƙasa, wai an fara raɗa a gidansu. Ban gama haɗa abin da zan ce ba, Gwaggo, wadda yanzu sai da sanda, ta ce a miƙo mata mayafinta. Aka ce ina za ki da wannan rana? Ta ce Sisen, wurin masu raɗar.

"Zan gaya musu ni na juya, ni kuma na tsaya na kalla. Su tambaye ni wanne ne ya bar ni na yi barci."

Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya shayar da shi daga ƙoramun da ba su ƙafewa. Na san in ya same su, ba zai ba su baya ba.